Yadda Ake Zaɓen Gajeriyar Sandar Fatsa Don Kamun Kirafi a Ƙarƙashin Dandamalin Jiragen Ruwa

Mafi yawan masu fara kamun kifi a tafkunan Amurka kan sayi sanda ɗaya doguwa mai ƙarfi, su ce ta ishe su komai. Tana isa ga wasu kifaye, amma ban da wanda ake rubuta sunansa crappie, wato kirafi a bakinmu, musamman idan ya shige inuwar dandamalin katakon nan da ake ɗaure jiragen ruwa a jikinsa. A can babu sararin ɗaga hannu a yi jifa. Harbi ake yi, irin harbin ɗanƙo, sandar kuma ita ce baka. Duk abin da za ka duba a jikin sanda, daga tsawonta har zuwa mariƙinta, ka duba shi da wannan ido: shin za ta tanƙwaru ta cilla ƙugiyar da ba ta kai giram 2 ba cikin ramin da ke tsakanin katakon dandamali da ruwa, mai faɗin ɗani ɗaya?

Kifin da kansa, da wurin da yake fakewa

Kirafi kifin ruwan daɗi ne mai faɗin jiki, kusan siffar karfasa. Iri biyu ne, fari da baƙi. Farin yana da ƙayoyi 5 ko 6 a gadon bayansa da ratsi-ratsi a tsaye, baƙin kuma ƙayoyi 7 ko 8 da ɗigo-ɗigo a warwatse. Mafi yawan waɗanda ake kamawa ba sa wuce rabin kilo. Farin kirafi mafi girma da aka rubuta a tarihi an kama shi ne a 1957 a madatsar ruwa ta Enid da ke jihar Misisipi, nauyinsa laba 5 da oza 3, wato kilo 2 da 'yan kai. Ka ga ke nan ba kifin da ke buƙatar sanda mai ƙarfin jan giwan ruwa ba ne.

Abubuwa uku a halittarsa su ne ke yanke hukunci a kan sandar da za ka riƙe. Fatar bakinsa siririya ce ƙwarai, har masunta na can suna masa laƙabi da mai bakin takarda. Fizga mai ƙarfi tana yaga ta, kifin ya tafi. Cizonsa a hankali yake, wani lokaci ba ka jin komai a hannu, sai dai ka ga zare ya motsa. Sannan ba ya son hasken rana mai ƙarfi, kuma abin da ke samansa yake kai wa hari, ba na ƙasansa ba. Shi ya sa da rana tsaka, lokacin da sauran masunta ke tattara kaya, kirafi ke cunkushe a wuri mafi duhu a ƙarƙashin dandamali, ko tsakanin tulunan ƙarfe biyu da ke ɗauke da jirgin shaƙatawa.

A tafkuna irin su Lake of the Ozarks a jihar Mizuri da tafkin Weiss a Alabama, dandamali ya cika bakin ruwa. Wasu a kan turaku suke tsaye, wasu kuma suna shawagi ne a kan manyan sosuna, an ɗaure su da igiyoyin waya. Masu wurin kan nutsar da rassan itace a ƙasa da gangan don kifi ya taru. Wannan duka gida ne mai kyau ga kifi, amma tarko ne ga zarenka da tsinin sandarka.

Fara da tambayar inda za ka tsaya

Kafin ka shiga shago, ka san daga ina za ka yi kamun. Wanda zai zauna a kwalekwale yana harbawa ƙarƙashin dandamali daga waje shi ne ya fi kowa buƙatar sanda mai saurin miƙewa. Wanda zai tsaya a kan dandamalin kansa yana zura ƙugiya tsaye a gefen turaku ko cikin ɗakin ajiye jirgi, damuwarsa ita ce rufin da ke bisa kansa da ƙarafan da ke kewaye da shi, don haka gajarta ta fi masa komai. Wanda kuma zai tsaya a bakin gaɓa yana jifa zuwa gefen dandamali yana iya ƙara tsawo kaɗan. Sanda ɗaya tana iya yin duka ukun idan aka zaɓe ta da hankali, amma a zaɓe ta don harbi, domin shi ne aikin da ba ya yafe kuskure.

Tsawo

Abin da ake nufi da gajeriya a nan shi ne tsakanin ƙafa 5 da ƙafa 7, wato santimita 152 zuwa 213. Dogayen sandunan kirafi masu ƙafa 10 zuwa 16 da za ka gani jere a shago na wani salon kamu ne daban, wanda ake jera su a gaban jirgi a buɗaɗɗen ruwa. Ka wuce su.

Dalilin gajartar a jikinka yake. Lokacin harbi hannu ɗaya na riƙe da sanda, ɗayan na riƙe da ƙugiya yana jan ta baya har sandar ta tanƙwara. Idan sandar ta yi tsawo, hannunka zai miƙe ƙarshe tun ba ta gama tanƙwaruwa ba, kuma tsininta zai riƙa taɓa ruwa ko gefen dandamali idan ka sunkuyar da ita. Idan kuma ta yi gajarta da yawa, ƙarfin da take tarawa kaɗan ne, ƙugiyar ba za ta kai can ciki inda duhun yake ba. Manyan kifaye kuwa galibi a can ciki suke.

Sanda mai ƙafa 5 ko 5 da rabi ta dace da yaro, da mai gajeren hannu, da wanda ke aiki a ƙaramin kwalekwale inda yake zaune dab da ruwa, da kuma wanda zai yi kamu cikin ɗakin jirgi mai rufi. Tana da saiti sosai a kusa. Mai ƙafa 6 da rabi zuwa 7 tana kai ƙugiya nesa, tana kuma barin jirginka ya tsaya can baya kada inuwarsa ko motsinsa su firgita kifi, abin da ke da amfani a ruwa mai tsabta. Amma tana buƙatar dogon hannu da gwaninta. Ga wanda zai sayi sanda ɗaya tak, mai ƙafa 6, santimita 183, ita ce shawarar da ba ta cika ba da kunya ba.

Ƙarfi da wurin tanƙwara abu biyu ne

A nan mutane suka fi ruɗewa, a nan kuma ya kamata a daɗe. A jikin kowace sanda, sama da mariƙi kaɗan, akwai rubutu ƙanana. Za ka ga tsawonta, sai harafin da ke nuna ƙarfinta, sai kalmar da ke nuna inda take tanƙwara, sai nauyin zaren da ta dace da shi da nauyin abin da za ta iya cillawa.

Ƙarfi shi ne yawan nauyin da ake buƙata kafin sandar ta rusuna. UL ita ce mafi laushi, sai L, sai ML, sai M. Da yawa kan ɗauka cewa tunda kifin ƙarami ne kuma bakinsa ba ƙwari, UL ce ta dace. A buɗaɗɗen ruwa haka ne, tana da daɗin kamu. A gindin dandamali kuwa tana cin amana ta hanya biyu. Idan ka ja ta don harbi, gaba ɗayanta take naɗewa har kusa da hannu, ta miƙe a kasalance, ƙugiyar ta tashi sama ta bugi katako maimakon ta tafi a kwance. Idan kuma kifi ya kama, ba ta da ƙashin bayan da za ta juyo da kansa kafin ya naɗe zare a jikin igiyar waya ko reshe. Daƙiƙa biyu na farko bayan cizo su ne komai a wurin nan.

M kuma ta yi tauri. Kafin ta tanƙwara yadda ake so, siririn zarenka ya kusa tsinkewa, kuma da ka ɗaga ta bakin kifin ya yage. Abin nema yana tsakani: L ga wanda zai fi amfani da ƙugiya mai nauyin oza 1/32 zuwa 1/16, wato kusan giram 1 zuwa 2, ML ga wanda zai fi amfani da oza 1/16 zuwa 1/8, ko wanda tafkinsa ke da rassa da wayoyi da yawa. A lura, L ɗin wannan kamfani na iya zama ML ɗin wancan, domin babu ma'auni ɗaya da duka suke bi. Hannunka ne alƙali, ba harafin ba.

Wurin tanƙwara kuma shi ne a ina sandar ke lanƙwasa. Wadda aka rubuta wa Fast tana lanƙwasa ne a kusan kashi ɗaya cikin uku na sama, sauran jikin ya tsaya ƙyam. Moderate tana kaiwa har tsakiya. Slow kuma gaba ɗaya. Don harbi, Fast ake so, saboda tsinin na miƙewa da sauri ya tsaya cak, ƙugiyar ta fita a miƙe kamar kibiya, kuma taurin ƙasan sandar na isar da ɗan motsin cizo zuwa tafin hannu. Aibinta shi ne ba ta sassauta wa bakin kifi kamar Moderate. Wannan ana gyara shi ta wani wuri, da zare mai ɗan miƙewa da sassauta birkin manaɗi, wato na'urar naɗe zare, za mu zo kansu. Abin da ba a iya gyarawa ta wani wuri shi ne sandar da ba ta harbi.

Rubutun nauyi ma a karanta shi. Sanda mai kyau ga wannan aiki za ta nuna zare mai ɗaukar laba 4 zuwa 8 ko kusa da haka, da nauyin cillawa da ya fara daga oza 1/32 ko 1/16. Idan mafi ƙarancin nauyin da aka rubuta oza 1/4 ne, ba taka ba ce, komai kyanta.

Abin da aka yi ta da shi

Iri uku ne a kasuwa: girafayit, wato na zaruruwan sinadarin kabon, faiba, wato na zaruruwan gilashi, da haɗin su biyun. Girafayit ba ta da nauyi, tana da saurin miƙewa, tana kuma isar da motsi sosai. Za ka ga an rubuta IM6 ko IM7 a wasu. A taƙaice, mafi girman lambar ta fi tauri da rashin nauyi, amma ta fi saurin karyewa idan ta bugu. Wannan abin lura ne, don a gindin dandamali sanda ba ta rabuwa da bugun ƙarfe da katako. Ƙaramin tabo da ido ba ya gani a jikin girafayit yana iya zama wurin da za ta ɓalle bayan mako guda, lokacin da ka ja ta don harbi. Saboda haka matsakaiciyar girafayit irin IM6 ta fi dacewa da wurin nan fiye da mai tsada wadda aka sirance ta ƙwarai.

Faiba tana jure wahala, amma tana da nauyi, kuma tsininta na ci gaba da rawa bayan an sake shi. Haɗin su biyu, irin na Ugly Stik, yana da wuyar karyewa, ya dace da yara da wanda sandarsa za ta riƙa kwana a bayan mota, sai dai ba ya jin cizo kamar girafayit zalla. Akwai kamfanonin da ke ƙera sanda musamman don wannan harbi, kamar B'n'M na jihar Misisipi mai SharpShooter, da Lew's mai sanduna ɗauke da sunan Wally Marshall, sanannen mai kamun kirafi. St. Croix na jihar Wiskonsin ma na da jerin sandunan ƙananan kifi. Da yawa daga cikin irin waɗannan ba su kai dala 100 ba, kuma babu hikima a kai sanda mai tsadar gaske wurin da za ta yini tana goga ƙarfe.

Zobba, mariƙi da gaɓa

Zobban da zare ke bi ta ciki su kasance a layi ɗaya. Ka ɗaga sandar ka leƙa ta cikinsu kamar mai saita bindiga. Ka tanƙwara ta da zare a ciki ka duba: idan zaren na taɓa jikin sandar tsakanin zobe da zobe, ko yana yin kusurwa mai kaifi, zobban sun yi kaɗan. Masu tangaran a ciki sun fi santsi, amma tangaran ɗin na iya tsagewa ko ya fita idan ya bugu. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: zagaya ɗan audugar goge kunne a cikin kowane zobe, idan ya kama zaren auduga to akwai tsaga, kuma wannan tsagar za ta riƙa cin zarenka a ɓoye. A yi wannan gwaji a shago, a kuma maimaita shi duk lokacin da zare ya fara tsinkewa ba dalili.

Mariƙi ya zama gajere. Idan gindin sandar ya zarce bayan hannu da yawa, zai riƙa kama riga ko rigar ceto daidai lokacin harbi. Ko na soso ne ko na ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi, duk suna yi. Na soso ya fi jure datti, na ɓawon ya fi daɗin riƙo idan ya jiƙe. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yatsanka manuni ya iya kai wa ga zare da jikin sandar ba tare da ka sauya riƙo ba.

Sanda mai gaɓa ɗaya ta fi mai gaɓa biyu a wannan aiki. Yawan tanƙwarawa na sa mahaɗar ta juya ko ta saki, zobba su karkace, wata rana ma rabin sama ya bi ƙugiya cikin ruwa. Sanda mai ƙafa 6 tana shiga yawancin motoci. Idan dole ce ta sa ka ɗauki mai gaɓa biyu, ka matse mahaɗar sosai kana ɗan murzawa, ka kuma riƙa duba ta a kai a kai.

Abokan tafiyarta

Sanda mai kyau da manaɗin da bai dace ba ɓarnar kuɗi ce. Manaɗin zare na ƙasan sanda, mai buɗaɗɗen ƙwarƙwaro, shi ake amfani da shi, mai lamba 500 zuwa 1000. Mai 1000 ya ɗan fi, don ƙwarƙwaronsa ya fi faɗi, zare na fita da sauƙi kuma ba ya yawan murɗewa. Ka ɗaura shi a kan sandar tun a shago, ka ɗora su a kan yatsa ɗaya dab da gaban manaɗin. Idan suka tsaya daidai, madalla. Idan tsinin ya rinjaya ƙasa sosai, wuyan hannunka zai gaji kafin azahar.

Zare na roba mai sili ɗaya, mai ɗaukar laba 4 ko 6, shi ne na wannan aiki. Mai laba 4 ya fi tafiya nesa da ƙaramar ƙugiya. Mai laba 6 ya fi jure gogar waya da katako. A zaɓi mai launi mai ɗaukar ido, rawaya ko kore mai haske, domin da ido za ka ga yawancin cizon. Zaren roba na ɗan miƙewa, wannan miƙewar ce ke kare bakin kifin daga taurin sandar. Saƙaƙƙen zare ba ya miƙewa, yana kuma son naɗewa a tsinin sanda bayan harbi, ga shi yana iya yanka yatsa. Mai koyo ya bar shi tukuna. A cika ƙwarƙwaro har ya rage kamar milimita 3 ya kai baki. Idan bai cika ba zaren na goga baki, harbi ya gajarta. Idan ya cika fiye da kima sai ya zubo a dunƙule.

Birkin manaɗi a sassauta shi yadda idan ka ja zaren da hannu da ɗan ƙarfi zai fita a hankali ba tare da fizga ba.

Ƙugiyar kuwa ita ce wadda Amurkawa ke kira jig: ƙugiya mai ɗan kan dalma, ana sa mata jikin roba mai kama da ɗan kifi, tsawon inci 1 da rabi zuwa 2. Mu kira ta 'yar dalma. Mai oza 1/32 bai kai giram 1 ba, tana nutsewa a hankali, ta dace da lokacin da kifi ke kusa da saman ruwa. Mai oza 1/16, kusan giram 1.8, ta fi sauƙin harbi, da ita ya kamata a fara. Jikin roba mai santsi marar yawan fuka-fukai, irin Baby Shad na Bobby Garland, ya fi tsalle a kan ruwa. A ɗiga ɗan gam mai kamawa nan take a wuyan dalmar kafin a tura robar, in ba haka ba kowane harbi zai zame da ita baya.

Gwaji kafin biyan kuɗi, da gwaji a tsakar gida

A shago, ka kaɗa sandar sau ɗaya da ƙarfi ka tsaya. Tsini mai kyau zai yi rawa sau ɗaya ko biyu ya tsaya. Wanda ya ci gaba da karkarwa zai watsa harbinka. Sannan ka jingina tsinin a hankali a kan kafet ka danna, ka ga inda lanƙwasar ta ƙare. Ya kamata ka ji sandar ta yi maka turjiya kafin tsakiya. Kada ka kama tsinin da yatsu ka lanƙwasa shi shi kaɗai, haka ake karya sanda.

Da ka kawo ta gida, kada ka fara da tafki. Ka ɗauki 'yar dalma ɗaya ka yanke tsinin ƙugiyarta da filaya, ka ajiye kujera ko benci taku 8 zuwa 10 a gabanka, ka zauna a ƙasa-ƙasa kamar kana cikin jirgi. Ka buɗe wayar manaɗi, wato lanƙwasasshiyar wayar da ke tare zare a bakin ƙwarƙwaro, ka saki zare har 'yar dalmar ta sauko daidai babban zoben da ke kusa da hannu, ka danne zaren da manuni. Da ɗayan hannun ka kama ƙugiyar ta gwiwarta, tsakanin babban yatsa da manuni, tsininta na kallon waje, ba ya bayan wani yatsa. Ka ja ta baya ta ƙarƙashin sandar har ta tanƙwara, zaren da ka ja ya kwanta daidai da ƙasa yana nuna inda kake so. Ka saki ƙugiyar, sannan bayan ƙiftawar ido ka ɗaga manunin.

Wannan ɗan tsakanin shi ne sirrin. Idan ka saki zaren tare da ƙugiyar, ƙarfin sandar ya zube, ta faɗi a gabanka. Idan ka makara, zaren ya fizgo ta, ta yi sama ko ta dawo kanka, shi ya sa tabarau ya zama dole ko a tsakar gida. Idan kullum tana bugun saman benci, hannunka mai ja ya yi ƙasa da yawa, layin zaren na kallon sama. Idan kana yin komai daidai amma ba ta nisa, ko ƙwarƙwaro bai cika ba, ko sandar ta yi wa nauyin tauri. Idan kuma tana tafiya hagu yau dama gobe alhali riƙonka ɗaya ne, sandar ta yi laushi. Gara ka mayar da ita tun ba ta taɓa ruwa ba.

A bakin ruwa

Ana so 'yar dalmar ta taɓa ruwa dab da bakin ramin ta yi tsalle ta shige, kamar yadda yara ke cilla faffaɗan dutse a kogi. Da ta tsaya, ka rufe wayar manaɗi da hannu, ba da murza mariƙi ba, don rufewa da murzawa na haifar da murɗewar zare. Ka sa ido a kan zaren kana ƙirga a zuci yayin da take nutsewa. Idan zaren ya yi ɗan tsalle, ko ya kauce gefe, ko ya saki tun ba a kai ƙasa ba, kifi ne. Ka ɗaga da wuyan hannu kawai, zuwa gefe idan akwai katako a sama, ka ci gaba da naɗewa ba tsayawa har ya fito fili. Ka riƙe lambar da ka kai a ƙirga, domin sauran kifayen suna wannan zurfin.

Daga Maris zuwa Mayu, gwargwadon jihar, idan zafin ruwa ya kai wajen digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Salsiyas, kirafi na matsowa ruwa marar zurfi don yin ƙwai, sai a nemi dandamalin da ke kusa da gaɓa da 'yar dalma marar nauyi. Da zafi ya tsananta sai su koma ƙarƙashin waɗanda ke kan ruwa mai zurfi, a nan oza 1/16 da sandar ML ke nuna amfaninsu. Dandamalin da ka ga saƙar gizo-gizo ta rufe bakinsa alama ce ba a daɗe da harbawa ciki ba.

Yawancin sandunan da ke karyewa a nan ba kifi ke karya su ba. Ɗaga kifi daga ruwa da sanda a tsaye cak yana tara nauyin duka a kan tsini. A yi amfani da 'yar koma mai mariƙi, wadda kuma ke hana bakin yagewa a matakin ƙarshe. Idan ƙugiya ta maƙale a waya ko reshe, kada a fizga da sanda. A nuna tsinin kai tsaye zuwa wurin, a riƙe ƙwarƙwaro, a ja baya a miƙe tare da kau da fuska. Ko ta fito ko zaren ya tsinke, sandar dai ta tsira. Bayan kowane kifi biyu ko uku, ka bi kamu ɗaya na ƙarshen zaren da yatsu, in ka ji kaushi ka yanke ka sake ɗauri.

Yawancin dandamalin nan mallakar mutane ne. Harbawa ƙarƙashinsu daga jirgi abu ne da aka saba a tafkuna da yawa, amma hawa kansu ba izini shiga haƙƙin mutum ne, kuma bugun jirgin wani da dalma na ɓata fenti da zumunci. Idan ƙugiyarka ta maƙale a igiyar jirgi ko kujerarsa, ba a barin ta inda hannun yaro zai same ta. A sanar da mai wurin. Da yawa daga dandamalin kuma akwai wutar lantarki a jikinsu, waya mai lahani na iya sakin wuta cikin ruwa, saboda haka ba a shiga ruwan don ciro ƙugiya, ba a kuma zura hannu kusa da wayoyin. Lasisin kamun kifi na jihar da kake ciki wajibi ne, kuma ƙa'idar tsawon kifin da aka yarda a ɗauka da yawan da za a tafi da shi a rana ta bambanta daga tafki zuwa tafki: wani wuri inci 9 ne, wani 10, wani har 12. A duba littafin dokokin hukumar kula da kifi ta jihar na wannan shekarar, a kuma ajiye ma'aunin tsawo a cikin jirgi kusa da 'yar komar.